Ina kuromosom suke zama idan sel ba ya rabuwa?

Malam na Jega: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu bayoloji da ma'aikatan lab. Yau a aji SS2 na zana kuromosom a allo, irin zanen nan da kowa ya sani mai kama da harafin X, na jera su biyu-biyu har 23. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, Malam, tunda ka ce sai sel zai rabu suke ɗaukar wannan siffa, to sauran lokaci ina suke, kuma yaya suke zaune a cikin cibiyar sel, wato ɗakin nan na cikin sel da ke ɗauke da DNA? Littafin da muke koyarwa da shi layi ɗaya ya ba maganar, wai suna warwarewa su zama zare mai tsawo, daga nan ya wuce. Wa zai taimaka kafin Litinin?

Ɗan Aliero: Wa alaikumus salam Malam. Ai amsar a fili take, a cakuɗe suke. Yi lissafi: DNA ɗin da ke cikin sel ɗaya na mutum, in ka miƙe shi, ya kai kusan mita 2. Cibiyar da ke ɗauke da shi faɗinta bai wuce maikiromita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kuromosom na 1 shi kaɗai ya haura santimita 8. Kamar ka warware zaren ɗinkin hula kala 46 ne ka cusa a ƙwarya ɗaya ka danne, dole su sarƙe. Ba wani tsari.

Hajiya Lab: Kafin a je can, Malam, ka fara gaya wa yaran cewa jerin nan na biyu-biyu aikin hannun mutum ne. Jini ake ɗiba, a reni fararen sel a kwalba kamar kwana uku, a sa musu maganin da ke tsayar da su tsakiyar rabuwa, a jiƙa su da ruwa mai ƙarancin gishiri su kumbura, sannan a ɗiga su kan gilashi su fashe. A rina da Giemsa, rinin nan dai da muke duba maleriya da shi kullum. Abin da za ka gani a madubi a warwatse yake. Da can hoto ake ɗauka a wanke, mutum ya zauna da almakashi yana yanko su ɗaya-ɗaya yana mannawa daga babba zuwa ƙarami. Yanzu kwamfuta ke yi. A cikin jiki ba su taɓa yin wannan sahun ba.

Malam na Jega: Almakashi kuma, Hajiya? To wannan ma ya shiga darasi.

Dokta Bakabe: Salamu alaikum. Malam, ka gaishe min da ɗalibarka, tambayar da ta yi masana sun shafe kusan shekara ɗari suna jayayya a kanta. Ɗan Aliero, lissafinka daidai ne, amma hukuncin da ka yanke da shi bai yi ba. Kada ka damu, manyan masana ma sun tsaya a inda ka tsaya, har zuwa shekarun 1970.

Ka riƙe ƙwaryarka da zarenka. Abin da aka gano shi ne zaren ba a warware yake ya bi ko'ina ba. Kowane kala a dunƙule yake wuri ɗaya, dunƙule sako-sako, gefensa na taɓa na kusa da shi. Wato kowane kuromosom yana da yankinsa a cikin cibiya.

Maganar tsohuwa ce. A 1885 wani masani ɗan Ostiriya, Carl Rabl, yana duba sel na salamanda, wata dabba mai kama da ƙadangare da ke zama wurin danshi, ya ce kuromosom ba sa ɓacewa bayan rabuwa, kowanne na nan a inda ya sauka. A 1909 Theodor Boveri a Jamus ya ƙarfafa zancen da ƙwan tsutsar cikin doki. Ya lura cewa tsinin kuromosom na turo bangon cibiya ya yi ɗan tudu, kuma idan sel ya tashi sake rabuwa, a daidai tudun nan suke sake bayyana. Shi ya fara kiran abin yankin kuromosom.

Da madubi mai aiki da lantarki ya zo, aka yanka cibiya siriri aka duba, ba a ga iyaka tsakanin wani kuromosom da wani ba, zare kawai ko'ina. Sai mutane suka ajiye maganar Rabl da Boveri suka koma ra'ayin cakuɗa.

Ɗan Aliero: To Dokta ai ka faɗa da bakinka. An duba da madubin da ya fi ƙarfi ba a ga iyaka ba. Gani ya kori ji.

Dokta Bakabe: An duba zaren da duk launinsa ɗaya ne a hoton baƙi da fari, ƙanena. Ta ina za ka san inda wannan ya ƙare wancan ya fara? Shi ya sa gwajin da ya warware rigimar ya bi ta wata hanya. Wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Thomas da Christoph Cremer, su suka yi shi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1982, da sel na wani ɓeran ƙasar Sin da ake kira hamsta. Suka harba hasken leza mai tsinin gaske a ɗigo ɗaya na cibiya, ya lalata DNA ɗin wurin kaɗai. Sel ya zo gyara, suka ba shi kayan gyara masu alama, don haka duk inda aka gyara zai nuna. Sai suka jira sel ya zo rabuwa, kuromosom suka fito a siffarsu, suka duba ina alamar ta faɗa.

Ka koma kan ƙwaryarka. In zare 46 a sarƙe suke, ka ɗiga tawada da tsinin allura, za ta taɓa kaloli da yawa, kowanne kaɗan-kaɗan. In a dunƙule suke, kala ƙalilan za ta taɓa. Alamar a kan 'yan kuromosom ƙalilan ta fito.

Daga 1988 aka samu dabarar rina kuromosom guda sukutum da launi mai ƙyalli. Ka rina na 7 da kore, ka leƙa cibiyar da ba ta rabuwa, sai ka ga curi biyu kore, na uwa da na uba. A 2005 an fitar da hoton da aka rina duka 46 a sel ɗaya na fatar mutum. To nan ne gani ya kori ji.

Maman Ilham: Dokta sannu da ƙoƙari. Curi biyu ka ce? Ni da na ɗauka na uwa da na uba a manne suke da juna.

Dokta Bakabe: A'a Maman Ilham. A dabbobi masu shayarwa, a sel na jiki, yawanci nesa da juna suke zama. Haɗuwarsu kafaɗa da kafaɗa sai wajen yin maniyyi da ƙwai, lokacin da suke musayar guntaye. A ƙuda kam a manne suke kusan kullum, shi ya sa ba a ɗaukar abin da aka gani a ƙuda a ɗora wa mutum kai tsaye.

Likitan Shanu: Ni kun san inda hankalina yake. Saniya 60 gare ta, akuya 60, tunkiya 54, doki 64, jaki 62, alfadari 63, raƙumi 74. Dokta, wanga tsari na mutum ne shi ɗai ko har da dabbobina?

Dokta Bakabe: Har da su, Likita. An gani a shanu, a ɓera mai 40, a birai, har a kaji. Yawan kuromosom bai canza ƙa'idar. Akwai wata ƙaramar barewa ta Indiya, macen 6 gare ta kacal, namijin 7, 'yar'uwarta ta Sin kuma 46, kuma sun yi kama da juna a ido.

Ɗan Aliero: Shi ke nan, a ce kowa na da yanki. Amma yanki daban, tsari daban. In na 7 yau yana dama gobe yana hagu, ai duk cakuɗa ce da wani suna.

Dokta Bakabe: Yanzu ka zo wurin da ya fi daɗi. Dama da hagu kam babu wani tsayayyen abu. Amma tsakiya da gefe akwai. Misalin da kowa ke kawowa shi ne na 18 da na 19. Girmansu bai yi nisa da juna ba, na 18 haruffan DNA kusan miliyan 80, na 19 kusan miliyan 59. Sai dai na 19 cike yake maƙil da ƙwayoyin gado, wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin yin furotin, wajen 1,400, na 18 kuwa bai kai 300 ba. A 1999 ɗakin binciken Wendy Bickmore a Edinbara suka rina su biyun a fararen sel na jini. Na 19 ya fi zama can ciki, na 18 ya fi lafewa a jikin bango.

Kuma ba kuromosom sukutum kaɗai ba. A cikin kowanne, sassan da ke aiki sun fi karkata ciki, a sake, sassan da aka rufe kuma a dunƙule suke, a manne da wata raga ta furotin mai suna lamin da ta shimfiɗu a jikin bangon cibiya ta ciki. A 2008 an auna an ga sama da kashi ɗaya bisa uku na DNA ɗinmu yana iya taɓa ragar nan, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da ke wurin shiru suke.

Hajiya Lab: Wannan ina ganinsa da idona, ashe. In ka rina sel ka duba cibiya da babban gilashin nan na mai, gefenta ya fi duhu, tsakiya ta fi haske-haske da ɗigo-ɗigo. Mu dai mun saba cewa haka cibiya take.

'Yar Zuru: Yaya Dokta, ka yi haƙuri, ni ina da ja a nan. Na karanta cewa a sel na fata ba haka abin yake ba, ƙanana ne ke tsakiya manya na gefe, har da na 18 ɗin da ka ce yana bango. In ƙa'ida na canzawa daga sel zuwa sel, ƙa'ida ce kuwa?

Dokta Bakabe: Abin da kika karanta gaskiya ne. Cibiyar sel na fata a baje take, ba mulmulalliya ba ce irin ta farin sel na jini, kuma a wurin girma na taka rawa sosai. Ga kuma wani abin da ya fi wannan: ko a sel iri ɗaya, in kika duba ɗari, ba za ki samu biyu masu taswira ɗaya ba. Na 19 ya fi yawan zama ciki, amma za ki ci karo da sel ɗin da yake gefe. Rinjaye ne, ba wurin zama na dindindin ba. Sel na shiga hutu bayan rabuwa, kowane kuromosom ya tsaya kusan inda ya sauka, motsinsa kaɗan ne. In ya sake rabuwa sai maƙwabta su canza.

'Yar Zuru: To ai rabin maganar Ɗan Aliero ta dawo.

Ɗan Aliero: Allah ya yi miki albarka, Anti.

Dokta Bakabe: Kwata dai, ba rabi ba. Shi ya ce ba tsari sam. Kuma zan ƙara masa wani kwatan kyauta: a 2006 an nuna cewa gefen yankunan na kutsawa cikin juna fiye da yadda aka zata da farko. Babu katanga a tsakaninsu.

Admin: Jama'a an kira Magariba a Birnin Kebbi. A dakata. Kuma wanda ya turo tallan shinkafa ya goge da kansa kafin in goge shi.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum ɗiyana. Na karanta duka, sannu-sannu, don idon ya yi rauni. Dokta, ina son in tambaye ka abu guda. Lokacin da nike aikin jinya a karkara, akwai yaran da aka kawo muna da kumburin muƙamuƙi. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai, kunci guda ya tashi, haƙora sun yi girgiɗi suna neman zubewa, wani har ido ya turo. Cikin sati biyu ukku abin ya ninka. Iyaye su ce haƙori ne, wasu su ce iska, sai sun gama yawon magani su iso. Likitan da munka yi aiki da shi ya ce muna kuromosom biyu ne sunka karye sunka yi musaya. Tun sannan nike mamakin mi ya haɗa waɗannan biyun, duk cikin 46.

Dokta Bakabe: Barka da dare Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka gani shi ne kansar da ake kira da sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya bayyana ta a Kamfala ta Yuganda a 1958. Shi ya lura cewa ta fi yawa a yankunan Afirka masu zafi da ruwa, inda maleriya ta yi katutu. A yawancin masu ita, guntun na 8 ne ke musaya da guntun na 14. A na 8 akwai ƙwayar gado mai suna MYC da ke ingiza sel ya yi ta rabuwa. A na 14 akwai wurin da ake ƙera garkuwar jiki, wanda a irin wannan farin sel a kunne yake dare da rana. In MYC ya faɗa kusa da wannan makunnin, shi ma sai ya zauna a kunne.

Mi ya haɗa su? Abu biyu. Na farko, wannan sel da gangan yake yanka DNA ɗinsa a na 14 don ya sarrafa garkuwa iri-iri, kuma wuƙar takan kuskure ta taɓa wani wuri. Maleriya mai maimaituwa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr suna sa sel ɗin yawan wannan aiki. Na biyu shi ne zancenmu na yau. Karyayyen baki ba ya tafiya nesa neman abokin haɗi, wanda ke kusa yake kamawa. A 2003 ɗakin binciken Tom Misteli a Amurka suka auna a lafiyayyun sel, suka ga wuraren nan biyu sun fi yawan zama kusa da juna fiye da yadda dace kawai zai kawo. Haka ma na 9 da na 22 a wata kansar jini, musayar da Janet Rowley ta gano a 1973.

Baba Mai Ritaya: Allahu Akbar. To ga masu ƙananan ɗiya a zauren nan: kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke girma da sauri ga yaro, a kai asibiti ran nan. Na ga waɗanda anka fara ma magani da wuri kumburin ya sace cikin kwanaki.

Likitan Shanu: Baba ya tuna min namu. A shanu akwai haɗewar na 1 da na 29, an fara ganinta a Suwidin a 1964. Sa lafiyayye a ido, yana cin abinci yana barbara, amma 'ya'yansa mata na yawan ɓarin ciki tun yana ɗanye, sai ka ga saniya ta yi ta komawa neman sa. Can sai da sunka riƙa gwada bijimai kafin a ɗebi maniyyinsu.

Dokta Bakabe: Irinta a mutum tana faruwa tsakanin guda biyar: 13, 14, 15, 21 da 22. Kuma a nan ma zama ne ya haɗa su. Su biyar ɗin ke ɗauke da ƙwayoyin gadon da ake ƙera injin haɗa furotin da su, don haka gajerun hannayensu ke taruwa su gina ɗigon nan mai duhu da ake gani cikin cibiya, nukiliyolos. Kullum suna goga kafaɗa. Haɗewar 14 da 21 ita ke sa a wasu gidaje ƙalilan lalurar Down ta maimaitu, ko da uwar ba ta da shekaru da yawa.

Maman Ilham: Dokta, sikila fa? Mu nan ita ta dame mu. Ita ma matsalar wurin zama ce?

Dokta Bakabe: A'a, kada a haɗa. Sikila harafi ɗaya ne ya canza a ƙwayar gado ɗaya a na 11, kuma gwajin jini kafin aure shi ne maganar. Amma akwai inda zancen ya taɓa ta. Makunnin da ke tada ƙwayar gadon haemogulobin, furotin ɗin jan sel na jini, yana nesa da ita da haruffa dubu hamsin ko kusa da haka. Zaren ne ke lanƙwasowa har makunnin ya taɓa ta. Akwai ƙwayar gado ta jarirai, akwai ta manya. Jariri a ciki, makunnin na taɓa ta jarirai. Bayan haihuwa ya saki waccan ya koma ta manya, wadda ita ke ɗauke da matsalar. Shi ya sa da wuya ki ga ciwon ya tashi kafin wata biyar ko shida. A 2014 an gwada a kwalba, aka tilasta wa zaren ya lanƙwasa ya koma kan ta jarirai a sel na manya, kuma ta tashi ta kama aiki.

Irin wannan lanƙwasa an ƙirga wajen 10,000 a sel na mutum a shekarar 2014 ɗin, da wata dabara mai suna Hi-C da ta fito a 2009. Ana daskarar da cibiya, a yayyanka DNA, a ɗinke duk bakin da ke kusa da juna, sannan a karanta a ga wa ke taɓa wa. Wani furotin mai siffar zobe, kohesin, shi ke jan zaren ta cikinsa har ya ci karo da wani mai suna CTCF ya tsaya.

Hajiya Lab: Abin dariyar shi ne jan sel ɗin da ake wannan wahala dominsa, in ya nuna tofar da cibiyar yake gaba ɗaya. Na mutum, na akuya, har na raƙumi mai siffar ƙwai, duk babu. Na kaza kuwa da cibiyarsa. An taɓa kawo min jini a lab aka ce na mutum ne, kallo ɗaya na yi na ce a je a tambayi mai kajin.

Tunda ana zancen bango, ga wani. A fararen sel masu cibiya gaɓa-gaɓa, in jinin mace ne, wani lokaci za ka ga ɗan ƙullutu ya leƙo daga cibiya da siririn wuya. Mace kuromosom ɗin jinsi da ake kira X biyu gare ta, wannan na biyun ne da aka kashe aka dunƙule.

Dokta Bakabe: Shi ne, Hajiya. Murray Barr ya fara ganinsa a Kanada a 1949, a jijiyar kyanwa mace, Mary Lyon ta yi bayaninsa a 1961. Kowane sel na mace na kashe X ɗaya, na uwa ko na uba, ya ture shi jikin bango ko gefen nukiliyolos. Duk mai kyanwa mai kala uku, baƙi da ja da fari, ya je ya duba, kusan tabbas mace ce. Inda ja ya fito X ɗaya ke aiki, inda baƙi ya fito ɗayan ne.

Maman Ilham: Tamu haka take, kuma sau huɗu tana haihuwa a bayan buhunan gero.

'Yar Zuru: Yaya Dokta, ni har yanzu akwai abin da ke min ƙaiƙayi. Ka ce na bango shiru suke, na ciki suna aiki. Bangon ne ya sa su shiru, ko don sun yi shiru aka tura su bango? In na biyun ne, to duk wannan taswira sakamako ce kawai, ba ita ke juya komai ba.

Ɗan Aliero: Ina bayanki, Anti.

Dokta Bakabe: Kai kuma ka samu inuwa. Ƙanwata, an gwada. A 2008 ƙungiyoyi uku daban-daban suka ɗaure wani sashe na kuromosom a jikin bango da gangan. Wasu ƙwayoyin gadon suka yi ƙasa, wasu ko a jikinsu. Don haka bango na taimakawa wurin rufewa, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. A 2009 Irina Solovei da abokan aikinta a Munik suka duba sel na ganin dare a idon ɓera, suka tarar tsarin a juye yake: dunƙulallen sashen da aka rufe yana tsakiya, mai aikin yana gefe. Haka a kyanwa da sauran masu yawon dare. A idonmu kuwa yadda aka saba yake. Curin nan na tsakiya na tattara haske ya miƙa shi ciki maimakon ya watse, ga cibiyoyin kuma a jere kan juna. Ba a haifi ɓera da haka ba, cikin makonnin farko bayan haihuwa abin ke juyewa, saboda sel ɗin ya daina yin furotin biyun da ke ɗaure zare a bango.

Malam na Jega: Wato shi ya sa idon kyanwa ke ƙyalli in an haska ta da tocila?

Likitan Shanu: A'a Malam, wancan daban. Wani shafi ne mai maido da haske a bayan ido, shanu da awaki ma suna da shi. Ka haska garke da dare ka gani.

'Yar Zuru: Amma Yaya ka lura misalin idon ɓera ni ya taimaka? An juye gida gaba ɗaya, ciki ya koma waje, kuma sel na aikinsa lafiya lau. Ashe ba bangon ke da muhimmanci ba.

Dokta Bakabe: Na lura. Sai dai ki duba abin da bai canza ba ko a can: mai aiki na tare da mai aiki, rufaffe na tare da rufaffe. Ni a ganina rabuwar nan ita ce ginshiƙi, bango kuwa wurin jingina ne da yawancin sel suka samu. Kuma kada ki raina shi gaba ɗaya. Yaran nan masu cutar tsufa da wuri, lamin ɗinsu ne ya lalace, an gano haka a 2003. Cibiyarsu a yamutse take, rufaffen sashen gefe ya zaizaye.

'Yar Zuru: Lanƙwasa dubu goman fa? An taɓa cire su a ga abin da zai faru?

Dokta Bakabe: An cire, a 2017. Aka shirya sel na mutum yadda in an zuba wani sinadari kohesin zai narke. Cikin awa shida lanƙwasar ta ɓace kusan duka. Aka auna aikin ƙwayoyin gado, kaɗan ne suka canza sosai. Yankunan kuromosom na nan, rabuwar mai aiki da rufaffe ma sai da ta ƙara fitowa. Da aka janye sinadarin, lanƙwasar ta fara dawowa cikin ƙasa da awa ɗaya.

Ɗan Aliero: To ka gani!

Dokta Bakabe: Awa shida ne fa, a sel ɗin da ya riga ya zama abin da zai zama. Inda ake buƙatar lanƙwasar sosai shi ne lokacin da za a kunna abin da yake a kashe, musamman in makunnin na nesa. Ƙwayar gadon da ke tsara yatsu, a na 7, makunninta na nesa da ita da haruffa kusan miliyan ɗaya. Harafi ɗaya ya canza a makunnin, a haifi yaro da ƙarin yatsa ta wajen babban yatsa. Kuma yaran da aka haifa da rauni a kohesin ko a furotin da ke ɗora shi kan zare suna zuwa da matsalar girma da ta hannuwa.

Maman Ilham: Su Cindo ke nan?

Dokta Bakabe: Yawancin Cindon da muke gani a nan ta wajen ƙaramin yatsa nasu ke fitowa, ɗan tsiro da ake ɗaurewa da zare ko a cire a asibiti. Wannan hanyarsa daban, ba makunnin na 7 ba ne.

'Yar Zuru: Ni dai inda na tsaya: yanki na yarda da shi, rinjayen tsakiya da gefe na yarda. Cewa wurin zama ne ke kunna ƙwayar gado, wannan a wasu ne kawai, kuma gwajin 2017 na gefena.

Dokta Bakabe: Gwajin 2014 na haemogulobin kuma na gefena, don a can lanƙwasar aka fara yi, aikin ya biyo baya. Ki kawo min bayanin wannan gobe in kin samu caji.

'Yar Zuru: Makunni aka kai bakin ƙwayar gado a can, ba kuromosom aka ɗauke daga bango zuwa tsakiya ba. Abu biyu ne, Yaya, kai ma ka sani.